Jan Zaren Gwaggo

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Ranar Laraba da hantsi Gwaggo, yayar mahaifina, ta cika a ɗakinta da ke Gyadi-Gyadi, bayan jinyar da ba ta kai sati biyu ba. Kafin la'asar an kai ta makwancinta. Na san yadda ake manta mace irinta: a yi sadakar uku, a raba zannuwa, a sayar da keken ɗinki, shi ke nan. Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Akwai kuma dalili na biyu da ya fi wannan ci mini rai, kuma tun a zaman makoki ya shigo ya same ni.

Mutanen layinmu sun san Gwaggo tela ce, sun kuma san ta yi shekaru tana zuwa aiki jami'a. Amma a tunaninsu mai take ɗiga wa kekuna, ta goge ƙura, ta dawo gida. To sai ga motoci sun cika layi har bakin titi, mata masu manyan jakunkuna suna shigowa suna durƙusawa suna hawaye. Wata maƙwabciya ta matso kusa da ni ta rage murya.

“Waɗannan fa, duk 'yan ina ne?”

Na ce mata ɗalibanta ne.

“Ɗalibai? Ita da ko firamare ba ta ƙare ba?” Ta taɓe baki. “Ku dai sa ido a kan kayanta. Akwai abin da suke nema.”

Da yamma mahaifina ya kira ni soro, ya ce, “Wannan shugaban sashen naku na jami'a sau biyu ke nan yana tambayata akwatin Yaya. Me ke ciki?”

“Tsofaffin ƙyallaye ne, Baba. So yake a ajiye su a sashe saboda ɗalibai.”

“Ƙyallaye. Mutum ya sako babbar riga tun daga can ya zo tambayar ƙyallaye, ko kwana ba ta yi a kabari ba?” Ya shiga ya kulle ɗakin Gwaggo da hannunsa, ya damƙa mini makulli, ya ce kada in ba kowa sai na duba. Ban ga laifinsa ba. Zargi a gidanmu gado ne, kuma Gwaggo ce ta fi kowa samun kaso.

Rana ta biyu wata mace ta shigo da mayafin da da gani ba ta saba yafawa ba, sai zamewa yake. Ta zauna can bakin ƙofa kusa da takalma, ta yi ta kuka har ya fi na dangi. Mata suka fara kallon juna da wutsiyar ido. Ni na san ta. Abokiyar karatuna ce a jami'a, iyayenta 'yan Kudu ne Kirista, a Tarauni aka haife ta, can kuma shagon ɗinkinta yake. Shekara goma sha huɗu ba mu yi magana ba, domin na riƙe ta a zuciyata a kan ita ce ta cire hannayen rigar jarrabawata ranar da za a duba aikinmu na ƙarshe. Ta ce mini, “Ya haƙuri?” Na amsa da ka kawai, na juya ina gyara tabarma. A raina cewa nake, me kuma ya kawo ta, wa take son ya gan ta.

Sai na faɗi wace ce Gwaggo kafin maganar rigar ta fito sosai.

A sashen koyar da zanen sutura da ɗinki, inda na yi karatu kuma nake koyarwa yanzu, an ɗauke ta ne don kula da ɗakin kekuna. Ba ta da ofis, ba ta da takarda, sunanta ba ya cikin jadawalin darasi. Amma babu ɗalibin da ya fita daga sashen nan bai bi ta hannunta ba. Ɗalibai suna kiranta Hajiya Reza, a bayan idonta, domin kullum akwai reza a ƙulle a bakin zaninta.

Malamanmu suna koyarwa ne daga sama zuwa ƙasa. A fara da tarihin sutura a majigi, a koma zane a takarda, a fitar da fasali a kwamfuta, a yanka, a ɗora wa gunkin gwajin kaya, a ba da maki. Gwaggo daga ƙasa take farawa. Sabbin ɗalibai idan suka shigo ɗakinta suna ɗokin hawa keke, sai ta zube musu buhun tsofaffin kayan gwanjo a kan tebur, ta raba musu reza. Wata guda cur babu mai ɗinka ko maɓalli. Farke riga za ka yi, ɗinki bayan ɗinki, ka shimfiɗa gabanta da bayanta da hannayenta a kan takardar buhun siminti, ka zagaye da alli, sannan ka gaya mata abin da telan ya fara ɗinkawa da abin da ya ƙare da shi. In ka ce ba ka sani ba, sai ta ce, “Ai yana nan a rubuce, kai ne ba ka iya karatu ba.”

Ba ta yarda da komai ba sai ta juya shi ta ga cikinsa. Ko rigar salla ka sa ka zo gaishe ta, tana amsawa hannunta na kan bakin rigar tana leƙa ƙasan ɗinkin. Ba ta yarda da mai yadi ba, sai ta jiƙa gefen atamfa ta matse ta ga ko za ta zuba. Ba ta yarda da tef ba, ta ce yana miƙewa in ya tsufa, don haka duk farkon zango sai ta gwada tef ɗin kowa da sandar awonta ta katako. Ba ta yarda da ɗalibin da ya kawo aiki mai kyau fiye da kima ba. Sai ta zaunar da shi a keke ta ce, “Maimaita mini wuyan nan ina kallo.” Da yawa a nan asirinsu ya tonu, waɗanda suke kai wa telan kasuwa ya ɗinka musu.

Amma babu abin da ta tsana kamar gumakan nan na gwajin kaya da aka sayo daga waje, masu siririn ƙugu, ba kai ba hannu. Babbar cikinsu ta sa mata suna Hajiya Marar Kai. Takan dafa kafaɗarta ta ce, “Wannan baiwar Allah ba ta salla, ba ta goyo, ba ta taɓa hawa adaidaita sahu ba. Komai ka sa mata ya yi mata kyau, tunda ba ta motsi.” Gwajinta ita uku ne, kuma a jikin mutum mai rai ake yi. Ki sa rigar ki ɗaga hannu kamar za ki sauke kwano daga kan kanta. Ki yi ruku'u. Ki ɗaga ƙafa ki taka benci kamar za ki shiga adaidaita. In rigar ta ja ko ta ɗage ko ta yi ƙara, ba ta ci ba, ko da zanenta ya kai a rataye a bango.

Ta taɓa kwasar ajinmu kaf ta kawo mu bakin titi a nan Gyadi-Gyadi, wajen da masu adaidaita suke tsayawa, ta zaunar da mu a bencin mai shayi. Ta ce mu kalli matan da ke hawa da sauka, mu faɗi wadda telanta ya cuce ta. Mai shayin ya ɗauka 'yan leƙen asiri ne mu, sai zagaye mu yake yana tambayar wa ya aiko mu. A wannan zaman na fara ganin yadda mace take kama siket da hannu biyu tana neman yadda za ta ɗaga ƙafa, jaka na faɗuwa, yaro na kuka. Abin da na gani a bencin nan ban same shi a majigi ba.

Ba ta ba da maki, ba ta da ikon bayarwa. Abin da take yi shi ne ta ɗauki allura da jan zare ta yi ƙulli ɗaya a daidai inda kuskure yake, ta mayar maka ba tare da ta ce uffan ba. Kai za ka zauna ka gano abin da jan zaren yake nufi. Mun sha kuka a kan ƙullin nan, ni har na sha cewa ta fi matsa mini don kada a ce tana fifita 'yar ƙaninta. Har yanzu ina ganin akwai gaskiya a wannan zargin nawa.

Rigimarta da malaminmu na zane kuwa kowa ya san ta. Shi ne shugaban sashe a yau, a lokacin bai daɗe da dawowa daga karatu a waje ba. Ya shigo ɗakin kekuna ya tarar da mu muna farke gwanjo, ya ce, “Hajiya, nan jami'a ce. Masu ƙirƙira muke fitarwa, ba telolin bakin kasuwa ba.”

Ta ci gaba da zare allurarta, ta ce, “To Malam, Allah ya taimaka. Wannan kaftanin na jikinka wa ya ƙirƙira shi?”

Ya ce shi ya zana da kansa.

“Na gani. Ɗan ɗauko mini kwalin can na saman kabad.”

Ya miƙa hannu, kaftanin ya ɗage, hammata ta ce ɓarat. Babu wanda ya yi dariya a cikinmu, tsoro bai bari ba. Washegari ya aiko mata da kaftanin a leda, ta gyara, ta mayar masa da ƙullin jan zare guda a ciki. Ba su ƙara yin maganar ba, shi bai hana ta farke gwanjo ba, ita ba ta daina kiran darasinsa wasan fenti ba.

Kirkinta ma a ɓoye take yin sa, kamar wadda take tsoron a kama ta. Ɗalibar da ta lura ba ta karya ba, sai ta ce, “Zo ki ɗanɗana mini ƙosan nan, ina zargin man da aka soya shi.” Ba za ta bar ta ta tashi ba sai ƙosan ya ƙare.

Yanzu maganar rigar. A shekararmu ta ƙarshe kowa zai ɗinka sutura guda, wani malami ya zo daga wata jami'ar ya duba ta a jikin mutum. Na zana doguwar riga ta shadda mai matsattsun hannaye. Malamin zane ya yaba ta a gaban aji, kaina ya kumbura. A jikin Hajiya Marar Kai na auna komai. Abokiyar karatun nan tawa, wadda a lokacin ba ni da aminiyar da ta fi ta, ita ce za ta sa rigar ranar jarrabawa. Sau uku Gwaggo tana ce mini, “Ki sa wa yarinyar nan ta ɗaga hannu.” Ni kuwa ina tsoron kada shaddar ta yamutse, kuma gaskiya na gaji da jan zarenta. A karo na uku na ce mata, “Gwaggo, wannan aikin jarrabawa ne, doka ta hana ki sa hannu.” Ta dube ni, ta ce, “Haka ne.” Dokar kuwa gaskiya ce: ma'aikacin da ya taɓa aikin jarrabawa kora ce, ɗalibin kuma a soke aikinsa, balle a ce jini ɗaya ne.

Ranar jarrabawa na iso da safe na tarar da rigata a jikin gunki babu hannaye. An farke su tsaf, ba a yaga ko zare ɗaya na jikin rigar ba, kuma an tafi da su. Aminiyata tana tsaye a gefe, ta riga kowa zuwa, idonta ya yi ja. Ban tsaya tunani ba. Ita ce ta fi ni iya yanka a ajin, ni na fi ta zane, kuma kowa ya san ɗaya daga cikinmu za a riƙe ta koyar a sashe. A gaban ɗalibai da malamai na nuna ta da yatsa na ce ita ce, na ce baƙin ciki ne. Na faɗi wata maganar ma a kan asalinta, wadda ba zan maimaita a nan ba.

Gwaggo ta ja ni gefe ta ce, “Ba ita ba ce.”

“To wace ce?”

“Awa uku ya rage miki. Ga ragowar shaddarki can.”

Na yanka sabbin hannaye ina kuka. Babu lokacin yin fasali a jikin gunki, sai na kama wata 'yar aji biyu na auna a jikinta kai tsaye, ita ce kuma ta sa rigar. Malamin da ya zo dubawa dattijo ne mai ƙarancin magana. Abu na farko da ya ce wa yarinyar shi ne ta ɗaga hannu. Ta ɗaga, rigar ba ta motsa ba. Na fita da sakamako mafi kyau a ajin.

An yi ɗan bincike, ba a samu hujja a kan kowa ba, aka bar maganar. Amma suna ya riga ya ɓaci. Da aka zo riƙe mutum guda, ni aka riƙe. Ita ta koma Tarauni ta buɗe shago.

Zan faɗi gaskiya tunda na ɗauko ta. A cikin shekarun nan ba sau ɗaya ba tunani ya zo mini cewa mai baƙin ciki yaga riga yake yi, ba ya zama ya farke ta a tsanake. Na kuma san hannu ɗaya ne a sashen nan yake farke ɗinki haka. Duk lokacin da tunanin ya zo sai in kore shi, domin zargin bare ya fi mini sauƙi a kan zargin wadda ta goye ni. Na lura Gwaggo tana tura wa shagon Tarauni masu ɗinkin biki, na lura babban almakashinta na Jamus ya ɓace daga gida, aka ce mini an gan shi a can. Na ji haushi, na ce a raina yarinyar nan ta shanye ta. Ban taɓa buɗe baki na tambaye ta ba, ita ma ba ta taɓa tayar da maganar ba, ga shi kusan kullum muna cin tuwo a kwano ɗaya.

Bayan sadakar uku, da mutane suka ragu, na buɗe ɗakin da azahar na jawo akwatin daga ƙarƙashin gado. Mahaifina yana tsaye a bakin ƙofa, yana jiran ya ga zinare ko takardar fili. Ƙyallaye ne, kamar yadda na ce. Wuyan riga, aljihu, bakin wando, kowanne da ƙullin jan zarensa, kurakuran ɗalibai na shekara da shekaru da ta ajiye tana nuna wa na bayansu. A can ƙasa akwai ƙullin farin ƙyalle. Na kwance. Hannayen rigata ne guda biyu, shaddar ko dushewa ba ta yi ba, kowanne da jan zare a hammata.

Na zura hannuna cikin ɗaya, bai wuce gwiwar hannu ba ya tsaya. Mahaifina ya ce, “Mene ne?” Na ce, “Kuskurena ne, Baba.” Ya leƙa ya ga tsumma ne, ya yi tsaki ya tafi.

Na yi fushi da ita a ranar, tana kabari. Ta cece ni, na sani. Amma tana ji tana gani aka shafa wa marar laifi baƙin fenti, ta yi shiru don kada a kore ta a kuma soke aikina. Ba zan rubuta cewa ta yi daidai ba. Ita da ba ta bari a rufe ɗinki a kan kuskure, wannan ta bar shi a rufe shekara goma sha huɗu, kuma da tana raye, ba za ta yarda in rufe nawa rubutun a kansa ba.

Washegari da hantsi na hau adaidaita na tafi Tarauni. Shagon yana bayan kasuwa, kekuna huɗu, mata uku suna koyon aiki, kowacce da reza da tsohuwar riga a cinya. Almakashin Gwaggo yana rataye a ƙusa. Ta gan ni, ta sallami matan, ba ta ce in zauna ba. Na ajiye hannayen rigar a kan teburin yanka.

Ta daɗe tana kallonsu, sannan ta ce, “Ashe ba ta ƙona su ba. Ta ce mini za ta ƙona.”

“Kin sani ke nan?”

“Ni na riƙe mata rigar tana farkewa.” Ta shafa jan zaren da yatsa. “Ana gobe jarrabawa, da kika fita salla, na saci jiki na gwada. Da na ɗaga hannuna, ko kafaɗa bai kai ba. Na san in na gaya miki cewa za ki yi baƙin ciki nake, sai na gaya wa Mama. Da sassafe muka shiga ɗakin kekuna tare.” Gwaggo take kira Mama.

“Me ya hana ki faɗa da na zage ki?”

“In faɗa a kori tsohuwa? A soke miki shekara huɗu?” Ta dube ni. “Na ɗauka kwana biyu za ki huce ki zo ki tambaye ni. Ba ki zo ba.”

Na durƙusa a kan ƙyallayen da ke ƙasa na ce ta yafe mini. Na ce kujerar da nake kai ma ba ni da tabbacin tawa ce.

Ta ce, “Mama ta zo gidanmu sati guda bayan abin, ta zauna ta yi kuka, ta roƙe ni. Na yafe mata tun ranar. Ke kuma sai yau kika zo, kuma sai da kika ga shaida da idonki. Ki bar ni in yi tunani.” Ta ɗauki hannu ɗaya ta sa a durowa, ta turo mini ɗayan. “Wannan ki kai wa ɗalibanki.”

Na kai musu. Na tsaya a ɗakin kekuna, kusa da Hajiya Marar Kai, na ɗaga shi na ce musu aikina ne, na kuma gaya musu wadda ta gano kuskuren da abin da na saka mata da shi. Shugaban sashe ya sake tambayar akwatin, na ce zai zo, amma ba za a sa shi a gilashi ba, a kan tebur zai zauna a riƙa juya abin da ke ciki. Na ce masa kuma na san wadda ta fi ni cancantar koyarwa da shi, in har za ta yarda ta taka sashen nan.

A gaban mutane na ɓata mata suna, don haka a gaban mutane nake wanke ta. Ba ta cuce ni ba, ni na cuce ta. Har yau ba ta aiko da amsa ba, kuma ba ni da bakin gaggauta ta.

Gwaggo kuwa, Allah ya jiƙanta, ya yafe mata wannan shirun da sauran kurakuranta, ya sa abin da ta koya wa hannayen mutane ya bi ta da lada. Mu da muka rage, Allah ya ba mu ikon gyara namu tun muna da sauran lokaci. Amin.